Kifin da ke kan taga

Injin zuƙe ƙura ya iso kamfanin katako 'yan makonni bayan an binne matar Dogo. Manyan motoci ne suka shigo da shi gunduwa-gunduwa, ga bututu masu ƙyalli, ga tiyo a nannaɗe, ga wani tanki da ya fi ɗakin mai gadi girma. Ma'aikata suka bar aiki suka fito kallo. Dogo ma ya fito, ba don wani abu ba sai don ya ga kowa ya fito. Ya tsaya can baya, hannuwansa a aljihu, yana kallon tankin ta saman kawunan mutane.

Kurma ne a gefensa, wani dattijo da ƙarar injuna ta cinye wa kunne tun da daɗewa, shi ya sa ko raɗa zai yi sai an ji shi daga bakin ƙofa.

"Ka ga aikin manya," in ji Kurma. "Sai da ƙura ta gama da wanda za ta gama da shi, sannan aka tuna akwai maganinta."

Waɗanda ke kusa suka sunkuyar da kai, wani ya taɓa Kurma da gwiwar hannu. Dogo ya ji maganar sarai, ya kuma san gaskiya ce, amma ba ta taɓa shi ba. Tun ranar jana'iza haka yake. Mutane sai yabon haƙurinsa suke yi, shi kuwa ya san ba haƙuri ba ne. Jinsa yake kamar ƙafar da aka daɗe zaune a kanta, ko an mintsine ta sai dai a gani da ido.

A ɗakin goge katako yake aiki, inda ake bi ta kan allunan tebura da ƙofofi har su yi santsi. Wanda bai taɓa shiga ɗakin nan ba bai san ƙura ba. Gari ne ja-ja mai laushi, yana sauka a kan gira da gashin baki, yana shiga abinci ko da an rufe shi da murfi biyu. Idon kowa ja, idon kowa na ruwa, har ba a tambayar mutum me ya same shi. Ga ƙara kuma. In injuna suka tashi, ko ihu ka yi a fuskar mutum sai dai ya ga bakinka na motsi, balle kowa da abin toshe kunne a kansa.

To, da yake ɗan Adam ba ya iya yini bai yi surutu ba, sai 'yan ɗakin suka mayar da ƙurar ta zama allon rubutu. Duk mai magana sai ya sa yatsa ya rubuta a kan murfin inji ko bakin taga, wanda aka yi dominsa ya karanta ya shafe da tafin hannu. Da haka ake neman aron guduma, da haka ake gulmar manaja. An taɓa ƙulla aure ma a kan akwatin wuta.

Matar Dogo ita ce mai sharar ɗakin, Inna Mai Tsintsiya kowa ke ce mata. Ba ta yi makaranta ba, saboda haka zane take yi. Akwai wata taga a bayan injin Dogo, a lungu, wadda ba a taɓa buɗewa ba, nan ne wurinsu. In ta zana kofi, shayi ya yi. In ta zana ƙofa, ya jira ta in an tashi. Ranar da suka kwana da faɗa ta zana jaki, ta yi masa dogayen ƙafafu don kada a yi kuskuren wanda take nufi. Dogo ya shafe da sauri, amma Kurma ya riga ya gani, aka yi wata guda ana yi masa kukan jaki a wurin cin abinci.

Ranar da tari ya kayar da ita, da safe ta zana kifi. Ɗan ƙarami ne, bai fi tafin hannu ba, da babban ido da wutsiya a karkace. Nufinta ya biya kasuwa in an tashi. Ba a kai ga tashin ba aka ɗauke ta zuwa asibiti, kuma daga can ba ta dawo ba. Likita ya ɗaga hoton ƙirjinta ga haske, ya tambayi irin aikin da take yi, da aka gaya masa sai ya gyaɗa kai kawai.

Da Dogo ya koma aiki, ya tarar da kifin yana nan. Sabuwar ƙura ta ɗan lulluɓe shi, amma ana ganin idon da wutsiyar. Ya tsaya yana kallo, sannan ya juye sauran abin da ke cikin kwanon abincinsa, ya kife kwanon a kai. Daga ranar a leda yake zuwa da abinci. Ba ya ɗaga kwanon ya duba. In ya shigo da safe ya ga yana nan a kife, sai ya kunna injinsa. Duk ɗakin an san abin da ke ƙarƙashi, ba kuma wanda ya taɓa yi masa maganar.

Tsintsiyar kuwa Auta aka ba, 'yarsu ta ƙarshe wadda ta rage a gida. Haka ake yi a kamfanin, in ma'aikaci ya rasu a ba wani nasa gurbin. Manaja ya kira wannan taimako, Dogo kuma ya yi godiya, don godiya ake yi.

Masu haɗa injin suka ɗauki lokaci suna hawa suna sauka. Suka bi rufin ɗakin da bututu, suka sauko da reshe zuwa bakin kowane injin guga, tankin kuma suka girke shi a waje. Da suka gama, injiniyar da ta jagoranci aikin ta tara 'yan ɗakin. Mace ce mai saurin magana, da hular kwano da ta yi mata yawa.

"Daga yanzu ƙura ba za ta ƙara tashi ba," in ji ta. "Tana fita daga katako bututu zai zuƙe ta zuwa tanki. Amma kafin mu miƙa aiki, sai an kwashe tsohuwar gaba ɗaya, ta rufi da ta lungu. In aka bar ta, iska za ta riƙa tayar da ita ana shaƙa, kuma tartsatsi ɗaya ya ishe ta kama wuta. Ba tsintsiya, ba hurawa. Ga tiyo, ku jona a bango. Wa ya fi tsawo a cikinku?"

Aka yi dariya, aka juya ana kallon Dogo. Helma, shugaban ɗakin, ya buɗe baki kamar zai ce a ba wani, sai ya fasa. Dogo ya karɓi tiyon. Ya fi yadda ya zata nauyi.

Aka kashe injunan guga, aka kunna sabon. Ba shi da hayaniya, wani gurnani ne kawai daga waje. Dogo ya ɗora bakin tiyon a kan ƙarfen rufi, ƙurar da ta girmi Auta ta tafi fuu, ƙarfen ya fito shuɗi. Ashe shuɗi ne. Kurma ya rantse shi ma bai taɓa sani ba, alhali a gabansa aka gina ɗakin.

Haka Dogo ya yini yana bi, fitilu, saman akwatin wuta, bayan injuna, ƙarƙashin benci. Aikin ya yi masa daidai, don ba ya bukatar tunani. Ka nuna, ta tafi. Ya fara daga bangon da ya fi nisa da tagar, in ya matso kusa sai ya tuna wani lungu da bai yi kyau ba, ya koma.

Da yamma injiniya ta zagaya tana shafa yatsa a wurare. Ta tsaya a tagar.

"Nan fa? Kwanon waye wannan?"

"Ranki ya daɗe, zai kai nan," in ji Helma da sauri. "Gobe ma rana ce."

"Gobe nake tafiya. Da safe zan duba, in ya yi fes in sa hannu."

A gida Auta ta dafa abinci, suka ci ba hira. Tun rasuwar haka suke, sai "sannu Baba," sai "yawwa." Tana wanke kwanuka a tsakar gida ya ji ta yi tari, gajere, sau biyu, ta share maƙogwaro.

"Kin sha magani?"

"Ba komai Baba, ƙura ce kawai."

Haka uwarta take cewa, da wannan muryar, har da kawai ɗin. Dogo ya zauna yana jiran ya ji tsoro, ko fushi, ko wani abu. Bai ji ba. Ya tashi ya rufe ƙofar gida.

Washegari sauran 'yan ɗakin suka sami ayyukan yi a waje, kowa da dalilinsa. Kurma ya ce zai je duba tanki, kamar an taɓa tambayarsa ra'ayi a kan tanki. Aka bar Dogo da tiyonsa, sai Auta can ƙarshen ɗaki tana goge gilashin fitilu da tsumma.

Ɗakin ya zama baƙo. Ƙasa ta fito da launinta, haske na shigowa ba ya cin karo da komai. Abin da ya rage na tsohon ɗakin shi ne bakin tagar nan, da ƙurarsa mai kauri da kwano a kife.

Ya yi ta dabara a ransa. Ko ya zuƙe gefe da gefe ya bar tsakiya, amma injiniya za ta ɗaga kwanon. Ko ya zura kwali a ƙasa ya ɗauke zanen, amma ya san ƙura, ko numfashi mai ƙarfi ba ta jurewa. Ko kuma ya je ya roƙi injiniyar, ƙila ma ta yarda, don ba ta yi kama da marar tausayi ba. Sai dai bai san da wane baki zai ce a bar masa ƙura ba.

Ya ɗaga kwanon da hannun hagu. Kifin yana nan, ya fi yadda yake tunawa ƙanƙanta. A gefen idon akwai inda farcen matarsa ya karce har ƙarfe, don ita komai da ƙarfi take yinsa. Ya ce a ransa bari ya ɗan kalla tukuna.

Ya manta tiyon na hannunsa na dama, kuma yana ja. Bai kai bakin kusa ba, amma injin ba ya jiran a kai shi kusa. Wutsiyar ce ta fara motsi, ƙurar gefenta ta miƙe siririya ta nufi tiyon. Dogo ya janye hannu da sauri. Rabin wutsiya ya tafi, saura na nan. Da zai kife kwanon a lokacin, da ya tsira da kan da idon.

Daga ƙarshen ɗakin Auta ta yi tari. Da injuna na aiki da bai ji ba, amma yau ɗakin shiru ne, tarin ya zo masa har inda yake, gajere, sau biyu.

Ya ɗora bakin tiyon a kan tagar, ya ja daga wannan gefe zuwa wancan. Ko ƙara bai yi ba. Ya sake bi, ya bi kusurwoyin, ya bi jikin gilashin. Da ya juya, Auta na tsaye a bayansa da tsumma a hannu. Bai san tun yaushe take wurin ba. Ta karɓi kwanon daga hannunsa ta ce za ta wanke.

Injiniya ta zo ta shafa yatsa a tagar, ta duba, ta ce aiki ya yi kyau. Manaja ya yi jawabi, aka tafa. Dogo ya tafa tare da kowa. Aka karɓi tsintsiyar Auta aka ba ta ƙaramin tiyo, Kurma ya ce yanzu sai a riƙa kiranta Auta Mai Bututu.

Bayan cin abinci aka tayar da injunan guga. Ƙarar tana nan yadda take, ba abin da ya rage ta. Dogo ya ɗora allo, ya danna, ya ga garin na fita daga katakon yana shigewa bututu tun bai tashi ba. Can ya hango Kurma ya sa yatsa a murfin injinsa zai rubuta wani abu, ya tsaya yana kallon yatsan, ya girgiza kai.

Dab da tashi Auta ta zo. Ta wuce shi zuwa tagar, ta sa yatsa ta ja layi, ta sake ja. Ƙarfen bai nuna komai ba. Ta ɗan tsaya, sannan ta dawo gefensa, ta yi ɗage, ta ɗaga abin toshe kunnensa, ta kawo bakinta kusa har yana jin ɗumin numfashinta.

"Baba, in an tashi mu biya kasuwa."

Ya juyo ya dube ta, ya yi mata alamar me za a saya.

"Kifi," in ji ta. "Ni zan dafa."

Ya gyaɗa kai, ta mayar masa da abin kunnen ta tafi. Ya ɗauki wani allo ya ɗora. Hannunsa ya san aikin, ya bar shi yana yi. Sai ya ji wani ciwo ya taso masa tun daga ciki, irin na ƙafar da jini ya fara dawo mata. Kewar matarsa ce, ya gane ta nan take. Allon ya dushe a gabansa, ruwa ya gangaro ya shiga gashin bakinsa.

Helma na wucewa ya tsaya ya dube shi. Shekara da shekaru a ɗakin nan, in ido ya yi ruwa sai mutum ya nuna sama ya ce ƙura ce. Dogo ya ɗaga hannu zai nuna, ya ga ƙarfen rufi shuɗi fes, ya sauke hannun. Helma ya miƙa hannu ya kashe masa injin, ya tsaya a gefensa.