Tuwon Abdulgani a Filin Kalgo

Inno tana tsakar gida tana wanke kalwar da ta dafa, sai rediyon maƙwabciyarta Kulu ya jefo mata muryar Abdulgani ta kan katanga. Ɗan ƙanwarta ne. Ita ta yaye shi bayan rasuwar uwarsa, a kan sana'ar daddawar nan ta rene shi, har ya zama ɗan kokawar da ba a taɓa kai bayansa ƙasa ba daga Gwandu har iyakar Nijar.

"Ni ne Abdulgani!" in ji rediyon. "Ƙarfina daga dunƙulen Lagwada yake. Mata, ku kori wari daga tukwanenku, daddawa ta tsofaffi ce!" Sai kalangu ya biyo baya, da dariyar wasu mata.

Kulu ta leƙo. "Inno, kin ko ji ɗanki?"

"Na dai ji wani," in ji Inno, ta ci gaba da murza kalwa.

Kafin damina ta janye, hotonsa ya cika kasuwar Kalgo, inda take kai daddawarta. Kowane shago ga shi ƙirji a waje, ya ɗaga dunƙule a cikin takarda mai ƙyalli. Matan da iyayensu suka saba sayen daddawarta suka fara wuce ta suna kallon wani wuri. Wata rana wata mai suna Zulai ta toshe hanci da bakin mayafi ta ce, "Sannu, Inno Wari." Rumfa ta ɗauki dariya, sunan kuma ya zauna. Komawa gida da faifai cike bai ƙona ta kamar sunan nan ba. Ko jikokin Kulu da shi suke kiranta idan sun ɗauka ba ta ji.

Bayan girbi kamfanin dunƙulen ya shirya babbar kokawa a Kalgo. Da hantsin ranar, Sambo makaɗin Abdulgani ya tsayar da babur a ƙofar gidanta. Kowa ya san ɗan kokawa ba ya cin abincin kowane hannu ranar karo, don tsoron a zuba masa wani abu. Shi kuwa Abdulgani tun da ya fara shiga fili, tuwon Inno da miyar kuka kaɗai yake ci.

"Ya ce a yi kamar kullum," in ji Sambo yana sosa ƙeya. "Sai dai a sa cikin kwali, in bi da shi ta bayan gari, kada mutanen kamfani su gani."

"Da dunƙule zan yi miyar?"

"Haba Inno! Ko a baki bai son shi. Cewa ya yi a cika daddawa."

Inno ta ce, "Tafi abinka. Ni zan kawo."

Ta tuƙa tuwo, ta zaɓo daddawar da ta fi nuna ta zuba ninkin yadda ta saba. A motar Kalgo sai da fasinjoji suka buɗe tagogi saboda warin. Ba ta bi ta bayan gari ba. Ta ratsa taro da kwano a ka, kai tsaye zuwa wurin sanƙira, wanda aikinsa ne ya shelanta duk kyautar da aka kawo wa ɗan kokawa, da sunan mai ita. Ran nan kuwa kamfani ya ba shi lasifika. Ta danƙa masa goro, ta raɗa masa magana.

"Duka zan faɗa, Inno?"

"Awo, duka."

Sanƙira ya gyara murya. "Jama'a! Inno mai daddawa ta Gwandu, wadda ta yaye Abdulgani, ta kawo masa tuwon da ya aika a yi masa! Ya ce a cika daddawa! Ya ce dunƙule ko a baki bai son shi!"

Fili ya fashe da sowa. Inno ta taka har gaban Abdulgani, inda yake zaune a ƙarƙashin ƙaton hotonsa, ta dire kwanon ta buɗe. Wani mai kwat daga kamfanin yana ta kaɗa masa hannu, kada ya taɓa.

Abdulgani bai sa komai a cikinsa ba tun asuba, ga abokin karonsa daga Dangoma yana ta miƙa a gefe. In kuwa ya ture hannun da ya yaye shi a gaban jama'a, babu makaɗin da zai ƙara kiran sunansa a ƙasar nan.

"Inno, don Allah, ba nan ba," ya ce ƙasa-ƙasa.

"Mi? Ban ji ba. Ɗaga murya irin ta rediyo."

Ya sunkuyar da kai, ya gutsuri tuwo. Daga loma ta biyu yunwa ta fi kunya ƙarfi. Tana tsaye a kansa har ya suɗe kwanon, a bayansa kuma mai kwat ya sa ana kwance hoton daga jikin sanda.

"Kin raba ni da su, Inno."

"Wanke hannunka da kyau, ɗan nan, kada ka kai wa abokin karonka wari."

Ta ɗauki kwanonta, ba ta tsaya ganin wanda zai yi kaye ba. A bakin fili Zulai ta sha gabanta, har da rusunawa.

"Inno, ranar kasuwa za ki kawo daddawa?"

"Zan kawo," in ji Inno. "Ke ce dai ba zan sayar wa ba."