Rakiyar Inna Takama

Sau uku Humaira ta saurari saƙon muryar, kuma kowane karo sai ta ji kamar an watsa mata ruwan zafi a baya. Mutari ne mai maganar, daga Abijan. Shi ne shugaban zauren WhatsApp na ƴan cin ranin ƙasar Dogarawa, mutum fiye da ɗari biyu, wasu a Legas, wasu a Libiya, wasu ma ba a san takamaiman inda suke ba.

"Malama Humaira, ba raini ba ne," in ji shi. "Amma bara an ci mu. Wani ya sa hoton mace kwance ya ce gwaggonsa ce, muka zuba kuɗi, ashe hoton wata ce can wata ƙasa. Yanzu dokarmu guda: a nuna ciwon, a nuna huskar mai shi. In ba haka ba, a yi muna haƙuri."

A nuna ciwon! Kai, wasu maza dai bakinsu ba ya jin nauyin magana. Ciwon daji ne, a nonon hagu na Inna Takama, ƙanwar uwar Humaira, wadda ta goya ta tun tana ƴar wata bakwai. Likita a Ƙonni ya faɗa ba tare da kwana-kwana ba: a kai ta Yamai kafin watan nan ya mutu, in an wuce haka aikin ba zai yi amfani ba. An sayar da san noma, an sayar da awaki huɗu, abin bai kai ko rabin hanya ba. Humaira, malamar lakwal ce, wato makarantar boko, a Tungar Haruna, ta ɗauki hoton takardun asibiti ta aika zauren. Mutari ya ce takarda kam, kowane buro, wato ofis, mai injin bugu yana iya buga irinta.

Da ta rasa yadda za ta yi, sai ta je ta durƙusa gaban Inna Takama, ta yi ta kewaye-kewaye har dai ta fito da maganar. Tsohuwar tana tsince wake a faifai, ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Ɗiyata, nonon da ya shayar da ɗiya bakwai, ke ta takwas, shi za ki baje ma maza cikin waya? In don haka ne, a bar ni. Mutuwa ba ta kai wagga kunya ciwo ba."

Humaira ta fita bayan ɗaki ta yi kukanta. Haushin Mutari take ji, amma abin da ya fi ci mata rai shi ne ta san ba ƙarya ya yi ba. An cuce su ɗin.

Can sai ta tuna wani abu da ta gani a Yamai shekarar da ta je horo. A watan Oktoba ne, irin wannan lokaci, mata sun cika titi da riguna ruwan hoda suna tattaki saboda masu ciwon daji, mutane na kallo ta waya suna aiko da gudunmawa. To, in ba za a nuna ciwo ba, ai sai a nuna ƙafa. Ta rubuta a zauren: ranar Asabar za su taka daga Tungar Haruna har tashar Malbaza, za ta nuna komai kai tsaye ta Facebook, kowa ya ga mutanen garin da idonsa. Daga tasha kuma za su shiga motar Yamai da abin da ya samu, ko da kuɗin mota ne kawai.

A gari aka yi mata dariya, ba a ɓoye ba. Kaka ce fa, hatsi ya nuna, kowa na gona. Tafiya ba kasuwa, ba biki, ba gaisuwar mutuwa, haka kawai a bi rana don a gani a waya? Wata ma cewa ta yi boko ya fara taɓa Malama.

Ranar Asabar da hantsi, mutum biyar ne a ƙofar gida: Humaira, abokan aikinta mata biyu ɗaure da ɗankwali ruwan hoda, Saminu mai amalanken jaki da aka ɗauko don in tsohuwa ta gaji, sai ita Inna Takama. Humaira ta kunna wayar. Masu kallo tara. Na farko da ya yi rubutu cewa ya yi, "Ina taron?" Ta ji kunya ta rufe ta har tafin ƙafa.

"Inna, mu tahi," ta ce.

"Mu tahi ina? Haka ake barin gari, kamar ɓarauniya?"

Sai tsohuwa ta juya ta shiga gidan maƙwabta. Ai kuwa Humaira ta manta. Wanda zai yi doguwar tafiya, balle irin wadda ba a san dawowa ba, sai ya bi gida gida ya yi ban kwana ya nemi gafara. Inna Takama ta shiga nan ta fita can. "Zan tahi Yamai. In na yi muku wani abu, ku yafe mini." Ta bi har masussuka, inda mata ke fama da taɓarya. Rana na ta ɗagawa, masu kallo sun koma shida, Humaira kamar ta fashe.

Da suka fito daga gida na ƙarshe Humaira ta waiwaya, sai ta tsaya cak. Mata ne a bayansu, sun fi talatin, wasu da ƙaiƙayi a gira, wasu da goyo, wata ma ludayi na hannunta ta manta ba ta ajiye ba. Babu wadda ta tambayi zancen waya ko ɗankwali. Rakiya suka fito. Mutum ba ya zuwa ya yi maka ban kwana ka bar shi ya fita gari shi kaɗai, ko gonarka na cin wuta.

Aka kama hanya. Inna Takama ta ƙi hawa amalanke, tana tafe a hankali, hannun hagu a naɗe cikin mayafi. Da aka kai babban gawon da ke iyakar gonakin gari, inda kowace rakiya ke ƙarewa, sai ta tsaya ta juyo.

"To, ku koma haka nan. Na gode, Allah shi bar zumunci."

Daidai nan matan Zangon Ayuba ke yankan gero a gonar bakin hanya. Babbarsu ta miƙe ta dafa ƙugu.

"Lahiya, mutanen Tunga? Ina zuwa da rana haka?"

Humaira ta buɗe baki za ta ce rashin lafiya ce kawai, yadda aka saba rufawa. Inna Takama ta riga ta.

"Yamai za ni. Daji ne, a nono."

Wannan kalma ba a faɗinta a fili, sai dai a ce "ciwon nan" a sunkuyar da kai. Matar ta daɗe tana dubanta, sannan ta ajiye wuƙarta a kan damin gero.

"Shi ya ɗauki Hafsat tamu," ta ce. Ta karkaɗe zane ta shigo hanya.

Ta kusa da ita ta ce, "Da uwata." Ita ma ta shigo. Haka suka dinga fitowa daga cikin karan gero, ɗaya bayan ɗaya, kusan kowace da sunan da take ambata, sunayen da Humaira ta sani amma ba ta taɓa jin abin da ya kashe masu su ba. Matan Tunga kuwa, da ya kamata su juya, babu wadda ta motsa. Suka dubi juna, suka wuce gawon.

Humaira ta ɗaga wayar sama da hannu biyu. Masu kallo arba'in. Saba'in. Rubutu ya fara zubowa.

"Wayyo, waccan mai baƙin zane innata ce!"

"Malama, juya wayar hagu, kamar na ga matata."

"Wa aka bar ma gonar? Subhanallahi, duk Zango ce ta hito!"

Labari ya riga su gaba, ta bakin masu babur. Kafin su isa ƙauye na gaba, mata sun fito bakin hanya da ƙwaryar fura da tulun ruwa. Aka sha, aka ɗora tsohuwa a amalanke da ƙyar, aka ci gaba, su ma masu furar suka bi. Ba kiɗa, ba waƙa, sai sautin silifa a kan tsakuwa da kukan goyo jefi-jefi. Maza a gona suka dinga miƙewa suna cire malafa. Humaira ta waiwaya a kan wani tudu, ta kasa hango ƙarshen layin. Ita da ta nemi mutum ashirin ta rasa! Sai ta ji tsoro ya kama ta, irin tsoron da mutum ke ji in ya ga abin da ya fi ƙarfin dabararsa. "Allahu akbar," kawai take ta maimaitawa a hankali.

Gidan Tanimun shi ne gari na ƙarshe kafin kwalta, kuma garin su Mutari ne. A bakin rijiya wata tsohuwa ƴar firit ke tsaye da sanda, Iya Binta, uwar Mutari, wadda aka ce ta shekara biyu ba ta wuce ƙofar gida ba. Ta gaisa da Inna Takama, ta daɗe riƙe da hannunta. Sannan ta nuna wayar da sanda.

"Ke ɗiya, mi kike yi da wanga abu sama kamar mai kiran ruwa?"

"Iya, ɗiyanku na ƙasar waje ke kallo. Don su yarda da gaske ne, su taimaka."

"Su yarda? Da ba su yarda ba?"

Wata daga baya, mai bakin da ba ya riƙe magana, ta ce ai cewa suka yi sai an nuna musu ciwon a hoto.

"Wa ya ce?"

Matan suka saci kallonta, nan take ta gane. Mutari ɗan farinta ne, ba ta taɓa kiran sunansa ba tun da ta haife shi, yau ma ba ta kira ba.

"Wancan na Abijan yana ciki? Kawo nan."

Humaira ta sauke wayar daidai fuskarta. Masu kallo sun haura ɗari huɗu.

"Kai, kana jina? Ƙanwarka Zahara'u, da aka ce maka zazzaɓi ne. Ba zazzaɓi ba ne. Shekara guda tana ɓoyon shi cikin zane, ko ni da na haihe ta ban gani ba sai ranar da nike mata wanka. Da ta samu bakin hwaɗi kamar wagga baiwar Allah, da wataƙila tana nan. Kai kuma ka zauna can kana neman hoto." Ta numfasa. "Ni na gani. In idona bai ishe ka ba, shi ke nan."

Ta ture wayar da bayan hannu, ta gyara riƙon sandarta, ta shiga hanya. Saminu ya sauko zai ɗora ta a amalanke, ta ce masa shi rakiya ya ga ana yi a zaune?

Rubutu ya tsaya cak a wayar. Humaira ta ɗauka sadarwa ce ta yanke, ta duba, ba ta yanke ba. Mutum ɗari huɗu ne suka yi shiru lokaci guda.

Sun hau kwalta, hayaƙin masana'antar siminti ya bayyana, sai wayar ta yi ƙara. Saƙon kuɗi ne daga Legas. Kafin ta gama karantawa wani ya shigo, wani ya bi, har wayar ta dinga rawa a hannunta ba tsayawa, ta daina dubawa. Jandarman da ke bakin gari ya fito zai tambayi takardar izinin taro, ya dubi tsofaffin da ke gaba, ya dubi layin, sai ya koma tsakiyar titi ya tsayar da manyan motoci har matan suka wuce.

A tasha, bayan azahar, Humaira ta shiga buron aike da kuɗi. Ma'aikacin ya duba injinsa ya sake dubawa, ya faɗa mata abin da ya taru. Ya isa aikin, ya isa magani, har da zama.

Motar Yamai ta iso. Inna Takama ta taka matakala, ta juyo ta dubi matan da suka cika tasha har bakin titi, ƙafafu fari fat da ƙura, gero na can yashe a gona.

"Don Allah ku koma haka nan," ta ce. "Kun kai ni."

Babu wadda ta juya sai da motar ta tashi.

Sun wuce gari kaɗan saƙon murya ya shigo daga Mutari. Humaira ta kara a kunne. Da farko numfashin namiji ta ji, yana ƙoƙarin danne kuka. Can ya ce, "Malama, ki ce ma Inna ta yafe mini. Kada a nuna komi. Mun gani."

Ta faɗa wa tsohuwar. Inna Takama ta gyara mayafinta a kan kafaɗar hagu.

"Na yafe mashi. Kashe wayar haka nan, ɗiyata, ki riƙe mini hannu. Ban taɓa zuwa Yamai ba."