Telar Ciyawar Teku

"Umma, tunda na girmi Sajida, me ya sa ta fi ni tsawo?" Ɗana Huzaifa ne ya jefo min wannan jiya, a gaban uwar Sajidar. Da tambayar na kwanta, sai ga mafarki.

Na gan ni a bakin teku, ni da ban taɓa wuce Zariya ba. Ashe teku a wani gari take aiki, ta fita da safe ta dawo da la'asar. In ta fita sai ta bar ciyawarta kwance kan laka. Ta can ciki doguwa ce, ganyenta fala-fala kamar na masara. Ta bakin gaɓa, inda rana ke daɗewa a kanta, gajera ce siririya. Cikin gajerun na tarar da Huzaifa a shuke, har da hularsa.

Sai ga wata ƙaguwa da tef a wuya, tana jan keken ɗinki. Wai biki za a yi, an fitar da anko, kuma awo ɗaya ne ga kowa.

"Ɗan wa ne wannan?" in ji ta.

"Nawa ne."

"Bai kai ba. Riƙe min saiwarsa in ja."

"Ba za ki ja ba."

"Haba baiwar Allah, kowa fa an ja nasa. Dubi wancan."

Na duba. An ja shi ya miƙe, rana ta ƙone kansa, yana gaida mutane da muryar tsoho.

Wata tsohuwar ciyawa ta tofar da goro ta ce min, "Yarinya, mu na nan gajarta ce rufin asirinmu. In ruwa ya tafi sai mu manne da laka mu riƙe ɗan danshin da ya rage. Na ciki kuwa haske suke miƙa wuya su kamo. A kawo su nan su bushe, a kai mu can mu shaƙe a duhu."

Ƙaguwa ta ɗauko shebur. "To a tone shi a kai shi ciki, can zai yi tsawo."

Na durƙusa a kansa na baza mayafina. Ruwan sama ya fara tashi daga laka yana hawa, yana kwashe masa danshi. Na sa murfin tukunya ina danne ruwan ƙasa.

"Za a fasa biki saboda ɗanki," in ji ƙaguwa.

"A fasa."

Hannuna ya sage amma ban saki ba, har teku ta sauko daga acaba ta yi sallama. Ruwa ya rufe Huzaifa. Ya miƙe iya tsayinsa, kore shar, 'yan kumfa na fita daga ganyensa.

Injin markaɗen maƙwabta ne ya tashe ni.

Ke mai karantawa, ƙofata a buɗe take. Amma ranar da kika haɗa bayan yarona da na wani don a ga wa ya fi, da kaina zan miƙo miki takalminki.