Kanwar da ta ɓoye dalma

Shekara biyu bayan soja sun koma bariki na samu aiki a wani ɗakin bincike a Legas, kuma ba zan ɓoye ba, kaina ya kumbura. Ni Sa'ida 'yar unguwar Mandawari, aka damƙa mini na'urar da a lokacin irinta ba su cika yatsun hannu ba a faɗin ƙasar nan. Ɗigon ruwa ake fesa mata, ta ƙone shi a wata irin wuta mai tsananin zafi, sannan ta ƙirga ƙwayoyin ƙarfen da ke ciki, komai ƙanƙantarsu.

Da na zo hutu, Gwaggo Indo, yayar babana wadda ta raine ni, ta kira ni ɗakinta. Wasu mutane sun kafa bukka a bayan katangarmu suna fasa tsohon batirin mota suna narka dalma, ruwan wankinsu kuwa yana gangarowa kusa da rijiyar gida. Ga Binta matar ɗanta tana jego, jaririyar Ikram kwana goma sha biyu.

"Ni dai rufe ta zan yi, mu koma sayen na 'yan garuwa," in ji Gwaggo.

Na yi dariya. "Haba Gwaggo, me ya yi zafi? Ba ga ni ba? Cika mini kwalba in auna."

Ranar da zan tafi ina ta haɗa kaya, ta miƙo mini kwalba an ɗaure bakinta da leda. Ruwan garau. Ban tambaye ta inda ta ɗebo ba.

Na'urar tana da wani hali da kowane ma'aikaci ya sani. In ruwa ya yi gishiri da yawa, ƙwayoyin gishirin kan cunkushe 'yar hudar da ake bi a shiga wurin ƙirga, kamar ƙofar gari ranar kasuwa, sai dalmar da ta kai ciki ta zama kaɗan. Saboda haka muke tsarma ruwan, mu kuma ɗiga wani ƙarfe da muka san adadinsa ya zama shaida. In shi ya ragu, mun san an danne sauran ma. Ni kuwa sai na ce ai ruwan rijiya ne, kuma aikin alfarma ne da na cusa tsakanin na ofis kafin shugabana ya dawo daga cin abinci. Ban tsarma ba, ban sa shaida ba. Lamba ta fito takwas, iyakar da aka yarda da ita goma. Da na zo wanke na'urar na ga wani farin ɓawo a bakin hudar, na kankare shi na wuce.

Na aika wa Gwaggo wasiƙa har da ja wa kalmar "lafiya" layi biyu.

Shekara uku ban ƙara tuna maganar ba, sai da na zo sallah na tarar Ikram ba ta haɗa kalma biyu, ga ciwon ciki ba ya barinta, ga ta fari fat. Nan take na tuna da rijiyar. Da hannuna na zura guga wannan karon, na koma Legas na auna yadda aka koya mini. Talatin da biyar.

Ban rubuta wasiƙa ba, mota na hau. Na samu Gwaggo da hantsi tana tsince shinkafa a tsakar gida.

"Gwaggo, waccan kwalbar, daga ina kika cika ta?"

"Daga tulun Binta mana. Ba shi take sha ba? Na ce wanda mai jego ke sha shi ya fi cancanta a duba."

Tulun mai jego. Tun kakanninmu ake jiƙa kanwa a ciki, kanwa kuwa ai gishiri ce. Ni da na sha kunun kanwa a gidan nan har ya ishe ni, ni ce na ga ɓawonta a kan na'ura ban gane ta ba.

Na faɗa mata komai. Ta ajiye faifan a hankali.

"Ashe ni na ɓata miki awon."

"Wallahi ba ke ba ce. Aikina ne in tambaya, aikina ne in sa shaida. Gaggawa ce da girman kai."

Kuka ya ƙwace mini. Na so ta zage ni, da ya fi mini sauƙi. Binta tana bakin ƙofa da Ikram a goye, ta juya ta shige ɗaki.

Gwaggo ta miƙe ta yafa mayafinta, ta jefo mini nawa.

"Ina za mu?"

"Wasiƙar nan taki, na sa an karanta wa maƙwabta. Na ce 'yata ta auna da na'urar Legas, kowa ya zo ya ɗiba. Gida tara ke sha." Ta zura takalminta. "Tashi. Da bakinki za ki gaya musu, ni zan yi miki sallama."