Dakarun da Rake Ya Rufe

Na'urar ɗaukar murya, batir takwas, littafin rubutu biyu, goro ƙwarya guda, da sabuwar darduma da zan shimfiɗa wa tsoho ya zauna ya yi min bayani. Abin da ke jakata ke nan sa'ad da mota ta wuce Makarfi ta nufi Ikara.

Shekara shida na yi a Ingila ina karatun tarihi. Bincikena a kan wata rundunar sojan ƙasa ne ta wani lardinsu, ta shekara ɗari uku baya. Na san sunayen sajojinta, na san irin takalmin da aka raba musu. Amma dakarun ƙauyenmu, 'yan baka arba'in da ke fita a ƙafa idan Zazzau ta kira yaƙi, ban san ko ɗaya ba. Kakana, Malam Ashafa, shi kaɗai ya rage mai sunayensu a ka.

Na same shi a zaure. Na durƙusa muka gaisa, har kan gajiyar hanya.

"Amarya Mukarrama ta dawo," in ji shi. "Turawan ne suka ƙi ki?"

"Gado na zo dubawa, Kaka."

"Ga buta can, ɗauki."

Na shimfiɗa dardumar, na kunna na'ura, na ce bismillah.

"A zaune?" Ya dube ni. "Ba a kiransu a zaune. Ubana a kan tsohuwar ganuwa ya koya min, muna tafe, kowane mutum a inda yake tsayawa gadi. Ƙafata ce ta riƙe su."

Na matsa masa. Ya kawo shida, ya maimaita biyu, ya ji haushi ya daina.

Da la'asar muka fita, yana dogara sanda. Ganuwar ta zube, ta koma ɗan tudu kamar kunyar gona. Yana taka ta muryarsa ta miƙe.

"Nan Tukur Bahago. Gindin tsamiya, Ukasha Dogo da ƙaninsa. Nan muke harbin ƙadangare da bakan kara muna yara, kowa ya ɗauki sunan wanda ya tsaya a wurinsa. Ni kullum Bahago nake."

Mun kai kan suna na goma sha ɗaya sai ga gonar rake ta tare mu. Ta haɗiye sauran ganuwar, ta fi mu tsawo, ko akuya da ƙyar za ta kutsa.

"Mu zagaya," na ce.

"In na zagaya sun ɓace. Sai an sare."

"Yaushe?"

"Wata biyu, in Allah ya kai mu."

Kwana tara ya rage in fara koyarwa a jami'ar can. Sun rubuto min sarai: in ban zo ba, wani za su ba.

Dawowa gida sau uku yana tsayawa, yana tari, hannunsa a kafaɗata. Ba shi da nauyi.

Ya raka ni har bakin ɗakin da aka gyara min.

"Ke da jirgi ke jira, me ya dame ki da matattun ƙauye? Goma sha ɗaya ma arziki ne. Yaushe tafiyar?"

Na shiga na tura ƙofa ta rufu.

"Sai an sare rake," na ce masa ta bayanta. "Aikin koyarwar kuwa, su ba wani."