Hannun da Ya Rage wa Kafinta

Kada ka ce ba ka sani ba. An turo maka bidiyon nan a waya, ka kalli rabinsa, ka ga mutum kwance a ƙofar shagon aski ana dukansa, ka ja tsaki ka ce, "Manya da su, a kan wasan yara," ka tura wa wani ka ci gaba da harkarka. Ba ka tambayi wane ne a ƙasan ba. Ba ka tambayi abin da ya sa yake ɓoye hannu ɗaya a ƙarƙashin cikinsa ba. To zauna ka ji.

Shagon na Mai Aski ne. Kujeru biyu, dogon madubi, benci, da talabijin a bango haɗe da na'urar gem da ya saya ta hannu, don masu jiran layi su daina damunsa da "saura mutum nawa". Mutum biyu ne suka mai da na'urar nan tamkar tasu. Ɗaya Kafinta, abokin Mai Aski tun suna firamare. Ɗayan ƙanin matar Mai Aski, mai gadi a wani kamfani, wanda kowa ke kira Sajan saboda ko ranar hutu ba ya cire takalmin aiki.

Kafinta ba ya taɓa kowane wasa sai na mutanen Japan, kuma da dalilinsa. Shekara biyu da suka wuce injin yankan katako ya cinye masa yatsu uku na hannun dama, ya bar masa babba da ƙarami. Da hagu ya sake koyon riƙe guduma da zarto, da hagun nan yake ciyar da mata da 'ya'ya uku. A irin wasan da yake so, faɗa bi da bi ake yi. Dodo ya kai maka duka, sai ya tsaya cak yana jiranka, ko minti goma za ka yi kana tunani. Sai Kafinta ya ɗora fad, abin latsa wasan, a gwiwa, ya latsa da hagu a natse.

"Wannan shi ne wasan mutunci," yakan ce. "An ba ka abokan tafiya huɗu, kowa da halinsa. Yarinyar nan mai warkar da mu, wata goma sha ɗaya muna tare, na san abin da ya kashe uwarta. Kai a naka wa ka sani?"

"Na san kaina," in ji Sajan. "Naku an shimfiɗa muku hanya kamar layin dogo, ka bi ko ka zauna. Yaro da gashi kamar tsintsiya, takobi ya fi shi tsawo, sai kuka sai surutu. Na Turawa kuwa a sake ka a daji a ce je ka. Ka ga dama ka zama sarki, ka ga dama ka shiga gidan mutum ka kwashe masa tukwane. Awa goma sha biyu nake tsaye inda aka ce in tsaya, Yaya Kafinta. Nan ma in na zo sai a nuna min inda zan bi?"

"Ka ji ɓarawon tukwane."

"Gara ni. Kai da na kama kana share hawaye ranar da tsohon nan mai gemu ya mutu?"

"Ƙurar katako ce."

"A shagon aski?"

Haka suke kowane mako, ana dariya. In aka ce Mai Aski ya raba gardama, sai ya ɗaga injin aski ya ce, "Ni nawa gashi."

Ranar Alhamis Sajan ya kawo sabon faifai, ya ajiye wa Mai Aski ya ce a sa masa kafin Asabar, ya tafi aiki. Na'ura ta ce wuri ya cika. Samari uku na zaune suna ɗokin ganin sabon wasan. Mai Aski ya shiga inda aka jera komai, ya zaɓi duk abin da ke ƙarƙashin sunan Kafinta, wasan da ajiyar inda ya kai a cikinsa. Ya ga lissafin a rubuce, awa ɗari biyu da goma sha ɗaya. Ya kuma san Kafinta ya kai ƙofar ƙarshe, Asabar ɗin nan yake shirin gamawa. Sau biyu na'urar ta tambaye shi ko ya tabbata, sau biyu ya latsa. Ya ce a ransa, abokina ne, zan lallashe shi. Kwana biyu suka wuce bai kira shi ba.

Asabar da misalin ƙarfe uku na rana shagon ya cika, maza tara. Babu wuta, janareta na ta ruri a bakin ƙofa. Wani direban bas na kan kujera, an aske masa rabin kai. Sajan na kan benci cikin yunifom, kulkinsa rataye a ƙugu don daga nan zai wuce aiki, yana sukuwa da doki a cikin sabon wasansa.

Kafinta ya shigo da garin katako a gira, yana murmushi. "Yau za ku ga yadda ake gama wasa. Sajan, in ka gama satar kajin mutane ba ni wuri."

Sajan ya miƙa masa fad. Kafinta ya zauna, ya ɗora a gwiwa, ya duba jerin wasannin. Ya koma sama. Ya sake saukowa ƙasa. Mai Aski na kallonsa ta madubi, inji na kuka a hannunsa.

"Ina nawa?"

Mai Aski ya ci gaba da aski.

"Na ce ina wasana?"

"Wuri ne ya cika, da alama," in ji Sajan. "Ka sake daga farko mana. Ai naku ba ya gudu, yana nan yana jiranka kamar jaki a turke."

Aka kwashe da dariya. Kafinta bai yi ba. Ya miƙe a hankali.

"Kai ka goge?"

Sajan ya juya ya dubi mijin yayarsa. Mai Aski ya ga duban nan sarai. Kalma biyu ake nema daga bakinsa. Amma ya hango yadda fuskar Kafinta ta yi, sai ya sunkuya kan ƙeyar direba kamar akwai wani gashi mai wuyar kamu a wurin.

Sajan yaro ne mai jin kai, ba zai yi rantsuwa a gaban mutane ba. Ya ɗaga kafaɗa. "In ni ne fa? Sai ka kai ni ƙara wurin mai gashin tsintsiya?"

Kafinta ya maka masa fad a fuska. Robar ta tarwatse, hancin Sajan ya fashe, jini ya sauko masa kan farar rigar ciki. Ya taɓa, ya duba yatsunsa, sannan ya tashi ya cafko Kafinta ta wuyan riga ya haɗa shi da bango. Talabijin ta yi girgiza. Kafinta ya lalubo kwalbar sifirit a kan teburi ya rotsa ta a goshin Sajan. Girar ta tsage, sifirit ya shiga cikin ciwon, Sajan ya yi wata irin ƙara kamar dabbar da aka ɗaure.

Maza bakwai suka ɗage ƙafafu suka ba su fili. Direba ya sauko daga kujera da mayafin aski a wuya, ya zaro waya.

"Ku bari mana," in ji Mai Aski, can ƙasa-ƙasa, irin faɗar da mutum ke yi don kada gobe a ce bai faɗa ba. Bai ma kashe injin ba.

Sajan ya fi Kafinta ƙarfi nesa ba kusa ba, ya kuma girme shi a iya faɗa ko da bai girme shi a shekaru ba. Ya sa masa gwiwa a ciki, ya naɗe shi, ya ja shi ta ƙafa har waje. Kan Kafinta ya bugi dokin ƙofa, ya bugi matakala. A kan simintin gaban shago Sajan ya zare kulki.

Duka na farko a haƙarƙari ya sauka. Na biyu a kafaɗa. Mutanen titi suka taru, masu babur suka kashe injin, wayoyi suka tashi sama.

"Japan ta faɗi," wani ya ce daga baya.

"Jininsa ya kusa ƙarewa, a kira masa yarinyar nan mai warkarwa."

"Sajan, ba shi nasa bi ɗin mana, ai jira ake yi."

Ana ta dariya. Mai Aski na tsaye a ƙofarsa, ƙafa ɗaya ciki ɗaya waje. Daga nan ya ga abin da abokinsa ke yi. Kafinta bai kare kansa ba, bai kare fuskarsa ba. Ya kifa ciki, ya cusa hannun hagu ƙarƙashin jikinsa ya danne shi da duk nauyinsa, ya ɗaga guntun hannun dama sama yana tare kulki da shi. Yana miƙa wanda ya riga ya lalace don a bar masa mai kyau. Mai Aski ya gane. Ya yi tunanin abin da matarsa za ta ce, ya yi tunanin idon mutanen nan in suka juyo kansa, ya ce a ransa yanzu Sajan zai gaji.

Sajan ma ya gane. Jini ya rufe masa ido ɗaya, da ɗayan ya ga inda ake ɓoyewa.

"Da wannan ka fasa min kai ko? Fito da shi."

Ya sa takalmi ya birkice Kafinta. Kafinta ya dunƙule, ya ce, "Sajan, don Allah ban da wannan. Ka fasa min kai, ban da wannan." Sajan ya fisgo hannun, ya take wuyan hannun a gefen matakala, ya ɗaga kulki.

Ƙarar ba ta yi kama da ta duka ba, ta fi kama da taka busasshen kwando. Dariya ta ɗauke. Wayoyin ba su sauka ba.

"Ni ne," in ji Mai Aski. Janareta ya haɗiye maganar.

Kulki ya sake sauka. Kafinta ya daina ihu, bakinsa a buɗe ba sauti. Ya sake sauka na uku.

Sai a lokacin Mai Aski ya yar da injin, ya taka taku huɗu, ya riƙe damtsen Sajan. "Ni na goge. Ni ne, ba kai ba."

Sajan ya tsaya nan take. Bai fisge ba, bai ture shi ba. Ya saki kulkin ya faɗi, ya dubi hannun da ke ƙarƙashin takalminsa, ya ja baya yana haki. "Yaya, me ya sa ba ka faɗa ba?" Muryarsa ta koma ta yaro. Ashe abin da ake buƙata tun farko ke nan, hannu ɗaya a damtse. Mai Aski ya durƙusa ya naɗe hannun abokinsa da mayafin aski. Yatsun na lilo a ciki, kowanne ya nufi inda ya ga dama.

'Yan sanda suka tafi da Sajan. A asibiti likita ya ɗaga hoton ƙashin ya nuna wa Mai Aski da bakin biro, nan, da nan, da nan. Ya ce za a bar masa hannun, ba za a yanke ba, amma maganar riƙe guduma a manta da ita. In an yi sa'a zai riƙe cokali.

Washegari da safe Mai Aski ya shiga ɗakin marasa lafiya. Kafinta na kwance, hagu a ɗaure har gwiwar hannu, dama a kumbure. Matarsa na zaune a gefen gado tana ba shi ruwa a baki da murfin flas. Mai Aski ya tsaya a ƙafar gadon ya faɗi komai, tun daga Alhamis. Kafinta bai dube shi ba, ya zuba wa silin ido.

"Akwai gadon mutane biyu a shagona ban haɗa ba," ya ce can. "Ka gaya musu su zo su kwashe katakonsu."

Matar ta ajiye murfin. Ba ta ɗaga murya ba.

"Baban yara ya ce ku tara ne a shagon."

"Mu tara."

"Ban da na titi?"

"Ban da su."

"Dukanku da hannuwa bibbiyu?"

Ta ɗauki tawul ta goge wa mijinta ruwan da ya zubo masa a haɓa, ta ce, "In ka fita ka ja mana ƙofar."

Kai kuma da ka karanta, kada ka tsaya auna wanda ya fi laifi tsakanin Sajan da Mai Aski don ka ji ka fi su. Faɗa zai tashi a layinku, a tasha, a bakin shagon da kake zama, wataƙila cikin makon nan, a kan abin da kai kake ganin bai kai ya kawo ba. In ka san gaskiyar da za ta kashe wutar, faɗe ta da ƙarfi tun kafin a ɗaga hannu. In ba ka sani ba, kira mutum biyu da sunansu ka ce su biyo ka, ku shiga tsakani, ku riƙe wanda ke sama. Ka tashi ka raba.