Muryar Nasiha

Hamisu mai tura waƙoƙi a waya ya zare abin sauraro daga kunnensa, ya miƙa wa Balaraba wayarta. Ya ce wallahi ya yi iya ƙoƙarinsa. Kwamfutarsa tana iya cire kiɗa ta bar waƙa, amma a zaro murya ɗaya daga cikin muryoyin yaran da suka tashi tare, wannan ya fi ƙarfinsa.

Tun daga Maruta ta biyo mota zuwa Birnin Kudu don wannan kaɗai. Nasiha, 'yarta ta fari, ta rasu da damina bayan ɗan gajeren zazzaɓi. Abin da ya rage na muryarta shi ne ƙasidar da 'yan ajinsu suka rera ranar walimar sauka, wadda wata maƙwabciya ta ɗauka a waya, sauti kawai ba hoto. Balaraba ta saurara har ta haddace, amma kullum murya ɗaya take ji, mai kauri da daɗi, wadda ba ta kowa ba ce. Abin da ke ci mata rai shi ne ta fara manta yadda yarinyar ke cewa "Inna".

Da ta koma gari ko gida ba ta leƙa ba, ta zarce Islamiyya wajen Malama Juwairiyya, wadda ta koya musu ƙasidar. Ai ita ta san muryar kowace.

Malama ta kara wayar a kunne, ta lumshe ido har aka kai ƙarshe, sannan ta girgiza kai. Ta ce wata da watanni ta yi tana fama da su, mai siririyar murya ta shige cikin mai kauri, a ja numfashi tare a sauke tare, har mai sauraro ya rantse mutum ɗaya ne.

"In kika ji muryar yarinya ta fito ita kaɗai, to kuskure ta yi," in ji Malama. "Nasiha kuwa, Allah Ya jiƙanta, ba ta taɓa yi min kuskure ba."

Don ta sanyaya mata zuciya ta faɗa. Balaraba ta yi godiya, ta fito.

A gida ko tukunya ba ta ɗora ba. Ta zauna a bakin ƙofar ɗaki, ta sake kunna ƙasidar daga farko, ta manna wayar a kunnenta. Yarinyar da ta yi rainonta da faɗan a yi komai daidai, yau roƙon Allah take yi a ce ta yi kuskure, ko da na harafi ɗaya ne.